Daɗaɗɗen Ciwon Wuya da Hanyoyin Farfaɗowa Daga Gare Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, zai shiga unguwanni waɗanda aiki ne ya kafa su. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin shekarar 1957, wasu masaƙu irin su Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a wannan yanki. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jama'a kuwa suka bazu cikin ƙananan sana'o'i. Akwai tela a Makera wanda kan wuni a sunkuye bisa keken ɗinki. Akwai mai tallar doya a Sabon Tasha da kayanta a ka. Akwai direban da ramukan hanya ke jijjigawa tun safe har dare. Akwai akawu a Barnawa a gaban kwamfuta. Ga kuma ɗalibi da ya duƙufa a kan littafi ko wayar hannu. Sana'o'in sun bambanta, amma gaɓa ɗaya duk suke ɗora wa nauyi, watau wuya.

Ciwon wuya ba kasafai yake kisa ba, shi ya sa ake raina shi. Amma ga wanda sai ya fita yake samun abin sa wa a baka, ciwon da ya hana shi waiwaye a kan titi, ko ya hana shi zama bisa keken ɗinki na awa guda, ya taɓa tukunyar gidansa. Wani babban lissafi da mujallar Lancet Rheumatology ta buga a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 269 a 2050. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda wuya yake, da dalilin da ke sa ciwonsa ya daɗe, da kuma abin da bincike ya tabbatar game da hanyoyin farfaɗowa. Abin da binciken ya fi ƙarfafawa shi ne, wuyan da ya daɗe yana ciwo da motsi yake samun sauƙi, kuma mafi yawan aikin a hannun mai ciwon yake.

Yadda Wuya Yake

Ƙasusuwa bakwai ne a jere suka haɗa wuyan ɗan Adam. Abin sha'awa shi ne, bakwai ɗin nan ne a wuyan ɓera, bakwai ne kuma a wuyan raƙumin dawa duk da tsawonsa. Kusan dukkan dabbobi masu shayarwa haka suke, in ban da 'yan kaɗan kamar ayu, wanda ake samu a kogunan Binuwai da Neja, shi shida gare shi. Ƙashi na farko shi ke tallafe da ƙoƙon kai, shi ke ba da damar gyaɗa kai. Na biyu yana da wani tsini da na farkon ke juyawa a kansa, kuma kusan rabin waiwayen da mutum ke yi daga wannan mahaɗa yake fitowa. Daga na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da mai bi masa akwai faifan guringuntsi mai taushi, wanda ke aiki kamar gammo. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa, ta gefensu kuma jijiyoyin saƙo takwas-takwas suka fita dama da hagu, waɗanda da yawansu ke tafiya zuwa kafaɗa da hannu da yatsu. Wannan ne ya sa matsalar da ke wuya kan iya bayyana a yatsa.

Hausawa kan ce komai tsawon wuya kai ne bisa. Kan baligi yana da nauyin kusan kilo 5, kuma tsokoki ne ke riƙe da shi a bisa wannan siririn ginshiƙi. Tsokokin iri biyu ne. Akwai manya na waje, waɗanda ake iya taɓawa a ƙeya da saman kafaɗa, su ke yin aikin ƙarfi. Akwai kuma ƙanana na can ciki, manne da ƙashi, waɗanda aikinsu shi ne daidaita kowace gaɓa a kowane lokaci. An lura cewa a wurin masu daɗaɗɗen ciwon wuya, na cikin kan yi rauni, sai na wajen su ɗauki aikin da ba nasu ba, su gaji, su ɗaure.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a cikin aji. A ba ɗalibi galan mai lita 5 na ruwa ya riƙe dab da ƙirjinsa, sannan ya miƙa hannu da shi gaba. Nauyin galan bai canja ba, amma hannu zai gaji nan da nan, domin nisan kaya daga mahaɗa ya ƙaru. Haka tsokokin ƙeya ke ji idan kai ya daɗe a sunkuye.

Me Ke Sa Ciwo Ya Daɗe?

Likitoci na kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku. Mafi yawan ciwon wuya yakan lafa cikin 'yan makonni, sai dai yana da halin dawowa. Wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa da ya fitar da rahotonsa a 2008 ya gano cewa tsakanin kashi 50 zuwa 85 cikin ɗari na waɗanda suka yi ciwon wuya sukan sake kokawa da shi bayan shekara ɗaya zuwa biyar.

A mafi yawan lokuta ba a samun karaya ko gocewar ƙashi ko wata cuta guda da za a nuna da yatsa. Abin da ke faruwa ya fi kama da kewayen da ba shi da ƙofa. Ciwo ya zo, mutum ya ji tsoron motsa wuya, sai ya riƙa juyawa da dukkan jikinsa. Rashin motsi ya sa tsoka ta yi rauni, mahaɗai su sanƙare. Daga nan ɗan ƙaramin aiki ma sai ya tayar da ciwo, tsoro ya ƙaru. Bugu da ƙari, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin ji idan aka daɗe ana taɓa su, kamar karen gadin da ɓarayi suka taɓa firgitawa, wanda daga baya ko ganye ya faɗo sai ya yi haushi. Ciwon na gaskiya ne, ba raki ba ne, amma ƙarfinsa ba shi ne ma'aunin ɓarnar da ke cikin wuya ba. Rashin barci da yawan damuwa suna ƙara wa wannan kare haushi.

Abin da Hoto Ke Nunawa

Mutane da yawa hankalinsu kan tashi idan aka ɗauki hoton wuyansu aka ce ƙashi ya zaizaye ko faifai ya bulluƙo. A 2015 masana a Japan suka ɗauki hoton wuyan mutum 1,211 da na'urar MRI, dukkansu lafiyayyu waɗanda ba sa jin ciwon komai. Kusan kashi 88 cikin ɗari an same su da faifan da ya ɗan bulluƙo. Har a cikin 'yan shekara ashirin da wani abu, fiye da kashi 70 cikin ɗari haka suke. Ashe ke nan irin wannan canji sau da yawa tamkar furfura ce ta cikin jiki. Saboda haka likita ba ya dogara da hoto kaɗai, sai ya haɗa da abin da ya ji daga bakin majinyaci da abin da ya gani a gwajinsa.

Gammo da Wayar Hannu

Ɗaukar kaya a ka tsohuwar fasaha ce. A 1986 mujallar Nature ta buga wani bincike da aka yi a Kenya, wanda ya nuna cewa matan Luo da Kikuyu na iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙona ƙarin kuzari ba. Sai dai sauƙin numfashi daban, lafiyar ƙashi daban. Binciken da aka yi a Gana a 1994 ya nuna cewa zaizayar ƙasusuwan wuya ta fi yawa ga waɗanda suka shekara suna ɗaukar kaya masu nauyi a ka. Haɗari ya fi yawa a lokacin aza kaya da sauke shi, da lokacin tuntuɓe, musamman ga yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Game da wayar hannu kuwa, a 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi da kwamfuta cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, kamar yadda mai duba waya a cinya ke yi, nauyin da wuya ke ji kan kai kilo 27. Wannan lissafi ya bazu a duniya. To amma da aka auna mutane na zahiri, lamarin bai zo da sauƙi haka ba. A Ostireliya an duba zaman matasa fiye da dubu 'yan shekara 17, aka buga sakamakon a 2016, ba a kuwa sami alaƙa tsakanin irin zamansu da ciwon wuya ba. Darasin da masana da dama suka ɗauka shi ne, sunkuyawa ita kanta aikin wuya ce. Abin da ke gajiyar da shi shi ne daɗewa a hali ɗaya, kowane iri ne, ba tare da motsi ba.

Alamomin da Ba a Jira da Su

Kafin a yi maganar motsa jiki, wajibi ne a ware ciwon da ke buƙatar asibiti nan take. Sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai na iya zama sanƙarau, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a annobar 1996, mafi yawansu a Arewa. Ciwon wuya bayan haɗarin mota ko na babur ko faɗowa daga bisa na iya zama karaya. Irin wannan ba a murɗa shi, ba a ɗaga mai shi da garaje. Ciwon da ke tare da rama da gumin dare na iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya, ko ciwon daji. Haka kuma idan hannu ya fara rauni, ko abu na suɓucewa daga yatsu, ko sa maɓallin riga ya gagara, ko tafiya ta zama da tangaɗi, ko riƙe fitsari ya gagara, to alama ce ta cewa an danne laka. Duk waɗannan aikin likita ne, kuma jinkiri na iya jawo shanyewar jiki.

Hanya ta Farko: Ƙarfafa Tsoka

A ƙasar Hausa akan kira sashen da ke wannan aiki a asibiti sashen gashi, ko gashin ƙashi. Sunan yakan sa majinyaci ya zaci zai je ne ya kwanta a gasa masa wuya da na'ura ya tashi. Haƙiƙa gashi yana cikin aikin, amma ginshiƙinsa horar da jiki ne.

A 2003 mujallar JAMA ta buga wani gwaji da Jari Ylinen da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Finlan. Sun ɗauki mata 180 ma'aikatan ofis masu daɗaɗɗen ciwon wuya, suka kasa su uku. Kashi na farko aka koya musu ƙarfafa wuya da igiyar roba, na biyu aka koya musu ɗaga kai sau da yawa suna kwance don ƙara juriya, na uku kuwa aka ba su shawarar miƙe jiki da motsa jiki na gama-gari kawai. Bayan shekara guda, ciwo da naƙasa sun ragu sosai a kashi biyun farko fiye da na uku, kuma ƙarfin tsokokin gaban wuya na masu igiyar roba ya ninka. A 2011 aka yi wani gwajin a Denmak da ma'aikata 198. Waɗanda suka riƙa jan roba na minti 2 kacal a rana, kwana biyar a mako, har mako goma, sun sami sauƙi kusan daidai da masu yin minti 12. Watau ɗorewa ta fi yawa muhimmanci.

Ga misalan irin atisayen da ƙwararru kan koyar. Na ɗaya, mutum ya kwanta rigingine, ya ɗan gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "to", ba tare da ya ɗaga ƙeya daga shimfiɗa ba, ya riƙe na daƙiƙa goma, ya maimaita sau goma. Wannan shi ke tayar da ƙananan tsokokin ciki. Na biyu, a zaune, ya ja haɓa baya sannu a hankali, idanu na kallon gaba. Na uku, ya waiwaya dama da hagu iyakar inda zai iya. Na huɗu, ya dafa tafin hannu a goshi, ya tura kai hannu na tarewa, sannan ya yi haka a ƙeya da gefe biyu. Na biyar, ya taka tsakiyar igiyar roba, ko da tsohon tiyub ɗin keke ne, ya riƙe bakinta biyu ya ɗaga hannuwa ta gefe zuwa daidai kafaɗa. Ɗan tsamin jiki a farkon kwanaki ba abin tsoro ba ne. Amma idan ciwo ya riƙa harbawa zuwa hannu, ko jiri ya kama, sai a dakata a koma wurin ƙwararre. Ba a ganin amfanin wannan aiki a kwana uku. Akan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanya ta Biyu: Tausa da Gashi

Tun a 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon taɓawa da na shafa kan iya rage saƙon ciwo a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tausa, da gashi da tsumma mai ɗumi, da motsa mahaɗai da ƙwararre ke yi da hannunsa, suke kawo sauƙi. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma ya fi amfani idan ya buɗe wa mutum hanyar yin atisaye. Ƙaho ma wasu kan ji daɗinsa na 'yan kwanaki, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, tsagar da ake yi da askar da ba a tsabtace ba kuwa na iya yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Akwai gargaɗi game da fizgar wuya har ya yi ƙara, wadda wasu masu aski da masu tausa kan yi. Jijiyoyin jini biyu da ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ƙananan ramukan ƙasusuwan wuya suke bi. Ko da yake ba kasafai ba ne, an sha samun tsagewar bangon jijiyar bayan murɗa mai ƙarfi, abin da kan iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Ita kuma kwalar da ake ɗaura wa wuya, tana da amfani bayan karaya ko tiyata bisa umarnin likita, amma daɗewa da ita a kan ciwon yau da kullum ƙara wa tsoka lalaci yake yi.

Hanya ta Uku: Magani

Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac na iya taimakawa na 'yan kwanaki lokacin da ciwo ya tashi. Shan su wata da watanni, kamar yadda wasu 'yan dako da direbobi kan yi don su iya fita aiki, yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Mafi haɗari su ne masu sa maye irin su tiramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. A 2023 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Ostireliya da mutum 347 masu sabon ciwon baya ko na wuya: bayan mako shida, waɗanda aka ba magani na wannan dangi ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. Tiyata kuwa ta 'yan kaɗan ce, waɗanda aka tabbatar an danne musu laka ko jijiya.

Hanya ta Huɗu: Gyara Aiki da Barci

Ba a ce tela ya bar ɗinki ba, ko mai talla ta bar kasuwa. Abin da ake nema shi ne sauya tsari. Tela ya daidaita tsawon kujera da keke, ya samu isasshen haske don kada ya riƙa kai ido kusa da allura, ya miƙe tsaye duk bayan rabin awa. Mai ɗaukar kaya ta raba shi biyu, ta yi gammo mai kauri, ta nemi wanda zai aza mata ya sauke mata. Inda baro zai shiga, a bar wa baro. Mai kwamfuta ya ɗaga allonta zuwa daidai idonsa, ko da a kan tsofaffin littattafai ne. Malami ya ba ɗalibai minti biyu su miƙe su waiwaya tsakanin darasi da darasi. Da dare a sami matashin da zai cike tsakanin kafaɗa da kunne, a guji kwanciya rubda-ciki. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a kullum tana taimakon barci, tana rage damuwa, wuya ma yana cin moriyarta.

Ina Za a Nufa?

Wannan fanni ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digiri a kansa a 1966. A 1988 aka yi dokar da ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, saboda haka majinyaci na da haƙƙin tambayar ko mai duba shi yana da lasisi. Mazaunin kudancin birnin Kaduna zai iya fara ganin likita a Babban Asibitin Gwamna Awan ko asibitin St. Gerard, duka a Kakuri, ko asibitin da ya fi kusa da shi. Akwai sassan gashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke ƙetaren kogi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Ɗalibin da ke son nazarin halittu kuma yana neman sana'ar da ake buƙata, ya sani cewa ana koyar da wannan fanni a jami'o'i da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano.

Kammalawa

A taƙaice, mai daɗaɗɗen ciwon wuya ya fara da ganin likita domin a tabbatar babu wata cuta mai haɗari. Idan an tabbatar, kada hoton ƙashi ya firgita shi, kada kuma ya mai da ƙwaya abincinsa. Ya koyi atisaye daga ƙwararre, ya riƙe shi kullum ko da na minti kaɗan ne, ya gyara wurin aikinsa da makwancinsa. Ciwon na iya leƙowa lokaci-lokaci, amma wanda ya san abin yi ba ya rasa ranar aiki saboda shi kamar da. Ɗalibin da ya karanta wannan bayani kuwa, akwai yiwuwar a gidansu akwai uwa ko uba ko yaya da ke dafe ƙeya kowace yamma. Ya kai musu abin da ya koya.